Injin ya haɗiye "wai", mu kuma mun haɗiye injin

To, Alhajinmu na Maraɗi dai, wanda aka yaɗa cewa ya rasu, yana nan da ransa. Jiya bayan la'asar shi da kansa ya ɗaga waya, har yana tambaya ko an samu ruwa a wajenmu. Saboda haka masu "Allah ya jiƙan maza" da masu "ashe lokaci ya yi" da waɗanda suka riga suka manna hotonsa suna zuba masa kirari, sai ku naɗe ta'aziyyarku ku adana. Wata rana za ta yi amfani, amma ba a wannan makon ba. Shi kuma ɗan'uwanmu da ya fara jefo sikirinshot ɗin labarin rasuwar cikin guruf ɗinmu, na ga ya goge a ɓoye, ko "ku yi haƙuri" babu. Ya canja hoton kansa ya ci gaba da harkokinsa kamar ba shi ba. Madalla. Allah ya ƙara basira.

Ba zan kama suna ba. Kun san shi, shi ma ya san kansa.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ya ba ni da na bi shi ta bayan fage. Cewa ya yi: "Ai ba ni na faɗa ba, jaridar Nijar ce, wayata ce ta fassara mini." Wato shi ba ruwansa. Waya ta faɗa, ya ɗauka, ya raba, an gama.

Na je na buɗe shafin da kaina, da Faransancinsa, ban danna fassara ba. Kanun labarin cewa ya yi "serait décédé". Duk wanda ya taɓa zama a aji a Maraɗi ko Damagaram, ko na shekara biyu ne, ya san bambancin wannan da "est décédé". Na biyun shi ne "ya rasu". Na farkon kuwa "WAI ya rasu" ne. Bafaranshe ba lallai ne ya ajiye kalma a gaba kamar yadda mu muke ajiye "wai" ba, aikatau ɗin yake lanƙwasawa, sai mai karatu ya gane cewa ɗan jaridar yana nesanta kansa da maganar: ji ya yi, bai tabbatar ba. 'Yan jaridarsu kullum da wannan suke kare kansu. Kuma a sakin layi na biyu an rubuta ƙarara cewa iyalinsa ba su ce komai ba tukuna. Amma wa ya kai sakin layi na biyu? Fassarar da burauzarsa ta yi masa ta ce "ya rasu", ya ɗauki hoton kanun, ya watsa.

Harafi uku kacal. W, a, i. Su ne suka faɗi a hanya tsakanin Faransanci da Hausa, kuma su ne duk labarin.

Bahaushe ya san darajar "wai". Da ita ake raba shaida da jita-jita. Ka je gaban alƙali ka ce "wai", ka ga ko zai karɓa a matsayin shaida. Tsohuwa in tana ba ka labari ta ce "wai", ta sauke nauyin daga wuyanta ke nan. Mu da muka taso da wannan tarbiyyar, yau mu ne injin zai cire mana "wai" daga magana, mu karɓa hannu bibbiyu muna godiya.

Bari in gaya muku abin da ya sa raina ya ɓaci haka, don na ga wasu na cewa na cika zafi a kan abin da ya wuce. Alhaji taubashin Goggona ne. Tun suna yara suke tsokanar juna, kullum tana ce masa shi zai riga ta, ita za ta ci gumbarsa. Wata jikarta ce ta karanta mata saƙon. Aka yi ta neman layinsa ba ya shiga, kun san halin layin ƙetare. Ko da na isa gidan na tarar da ita zaune a kan tabarma, ta yafa mayafi, ƙullin kayanta a gefe, carbi a hannu amma ba ta ja, ta ƙura wa bango ido. Ta riga ta aiki yaro ya canjo mata sefa, wai da asuba za ta kama motar Jibiya ta wuce Maraɗi. Mace mai hawan jini. Abin da kawai ta ce mini shi ne, "Ɗan nan, da wasa fa nake yi masa." Na rasa abin da zan ce mata. Sai da layi ya shiga bayan la'asar, ta ji muryarsa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ja'iri, ashe ba ka tafi ba?" Tana dariya hawaye na zuba.

Wannan wunin da ta yi, wa zai biya ta? Wayar?

Kada wani ya ce ina gaba da fassarar inji. Ni da nake amfani da ita kusan kullum! Da ita nake leƙa shafukan 'yan kasuwar Sin in ga farashin kaya. Da ita na karanta shafin wani asibiti a Turkiyya lokacin da muke nema wa wani ɗan'uwa magani. Ƙanena da ita ya lalubo sharuɗɗan wata jami'a a Jamus. Abu ne da kakanninmu da sun gani sai su ce aikin aljanu ne: ka buɗe shafi da rubutun da ko gane kansa da gindinsa ba ka yi, ka danna wuri ɗaya, ya juye ya koma harshenka. Google ya fara wannan hidima a 2006, Hausa ta shiga a ƙarshen 2013 tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu, kuma daga 2016 da suka sauya fasahar da ke ƙarƙashinta, jimlolin suka fara fitowa da santsi kamar mutum ne ya rubuta. Ni'ima ce, ban musa ba.

Amma santsin nan shi ne tarkon. A da, in inji ya yi fassara, kana gani ka san inji ne: magana a karkace, kai a ƙasa ƙafa a sama, sai ka yi dariya ka wuce. Yanzu kuwa kuskuren yana zuwa sanye da babbar riga da hula, ya yi sallama da Hausa mai kyau, ka shimfiɗa masa darduma. Kuma ko a ina ba ya nuna maka inda yake shakka. Malamanmu da suka ƙare rayuwarsu a kan littattafai, in sun gama fatawa sai sun ce "Allah ne mafi sani". Wa ya taɓa ganin inji ya ce haka? Jimlar da ya gane da wadda ya yi cinke a kanta, duk da murya ɗaya yake faɗarsu.

Ga kuma abin da da yawanmu ba su lura da shi ba. Injin daga rubuce-rubucen da mutane suka riga suka fassara yake koyo. Tsakanin Faransanci da Ingilishi akwai irin waɗannan tuli guda. Tsakanin Faransanci da Hausa kuwa 'yan kaɗan ne. Shi ya sa sau da yawa maganar takan ratsa ta Ingilishi kafin ta iso gare ka. Tafinta biyu ke nan a jere, kowanne da abin da zai zubar. Ko aiken yaro ne, in ya bi ta baki biyu, gishirin da ka aika a sayo yana iya dawowa kanwa.

"Ai laifin jaridar ne da ta buga abin da ba ta tabbatar ba." Eh, ta yi nata garajen, amma ita ta ce "wai". Kai ne ba ka ce ba.

"Ai injin yana ƙara gogewa kullum." To, Allah ya sa. Idan ya gama gogewa sai ka kira ni. Kafin nan Goggo ba za ta jira shi ba.

"Kai don ka iya Faransanci ne kake mana ɗagawa." Wannan ita ta fi ba ni dariya. Faransancin nawa na sayen burodi ne da karanta kanun labari. Kuma ban ce kowa ya tafi makarantar koyon harshe ba. Cewa na yi in za ka watsa abin da inji ya fassara maka, musamman mutuwa, ko kamu, ko rufe iyaka, ko maganar magani, to ka mayar masa da "wai" ɗinsa da hannunka. Ka rubuta: "Wai kaza, fassarar waya ce, wanda ya iya harshen ya duba mana." Ka liƙa adireshin shafin don wani ya iya komawa tushe. Ka karanta har ƙasa. Nawa wannan zai ci maka? Datar da ka ƙona wajen tura hoton guruf bakwai ta fi haka.

In kuna ganin abin wasa ne, ku tuna abin da ya faru da wani Bafalasɗine lebura a watan Oktoba na 2017. Ya ɗauki hoto yana jingine da motar rusau a wurin aikinsa kusa da birnin Ƙudus, ya sa a Facebook, ya rubuta gaisuwar safiya da Larabcin garinsu. Fassarar shafin ta mayar da ita "ka kai musu hari" da Ibrananci. 'Yan sandan Isra'ila suka kama shi, suka yi ta yi masa tambayoyi na sa'o'i kafin su gane barka da asuba ya ce, suka sake shi. Babu jami'i ko ɗaya mai jin Larabci da ya karanta rubutun kafin a je kamun. Kamfanin ya fito ya nemi afuwa daga baya. Hukuma ce guda da ma'aikatanta ta yi abin da ɗan'uwanmu ya yi: inji ya faɗa, an gama. Can gaisuwa ta koma hari, nan "wai" ta koma gawa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma shi ne wannan: labarin Maraɗi ne fa. Maraɗi! Daga Katsina ka bi ta Jibiya ka ratsa Ɗan Isa, ka isa kafin abincin rana ya huce. Mutanen da muke aure da su, muke cin kasuwa ɗaya, muke jin harshen juna ba tafinta. Wanda abin ya shafa Bahaushe, wanda ya ba ɗan jaridar labari wataƙila da Hausa ya ba shi, ɗan jaridar ya juya shi Faransanci, inji ya kwashe shi ya yi yawo da shi, sannan ya dawo mana da shi Hausa da ƙafa ɗaya. A guruf ɗin nan kaɗai akwai 'yan Nijar sun fi biyar. Ko ɗaya ba a tambaya ba. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, muka yi ta murna a nan muna tura wa juna. Ga shi har yau in muna son sanin abin da ya faru a bayan katangarmu, sai mun roƙi inji ya karanto mana daga Faransanci. Ina fatan in ga ranar da jaridun can za su riƙa sakin labari da Hausa kafaɗa da kafaɗa da Faransancin, wallahi da gaske nake.

Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake fassara labarin duniya, kuma ku saurara da kyau ku ji yadda masu karanta labarai a gidajen rediyo suke cewa "rahotanni na cewa", "ana zargin", "ba a tabbatar ba". Ba ado ba ne. "Wai" ce aka sa mata rawani. Mutum ne ya zauna ya auna cewa in ya cire ta, wani gida zai kwana da kuka.

Mu ma fa muna taimaka wa injin wajen ɓata. Muna rubuta "baki", shi ya gano ko bakin cin abinci ne, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo daga tafiya. Muna rubuta "kasa", ya zaɓa tsakanin ƙasar haihuwa da kasa cin jarrabawa da macijiya. Ga ƙ da ɗ da ɓ nan a allon rubutun waya, saka Hausa cikin harsunan allon kawai za ka yi, amma ƙiwa ta hana. Wannan dai maganar wata rana ce, in na fara ba zan gama ba.

Ni dai na gaya wa jikar Goggo, daga yau duk saƙon mutuwa da ya shigo wayar nan, kafin ta buɗe baki ta karanta wa tsohuwa, ta kira ni ko da tsakar dare ne.

Af, tunda muna kan maganar: sefar da Goggo ta canjo tana nan, jaka ashirin cif. Ga waɗanda ba su saba ba, jaka ɗaya sefa dubu ce, can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, kada wani ya je ya tambayi wayarsa ta ce masa kuɗin Amurka ne. Mai canjin ya ce in za a mayar sai an yi asara, ita kuma ta rantse ba za ta yi asara a kan mutumin da bai mutu ba. Duk mai shirin shiga Maraɗi cikin makon nan ya yi mini magana, a farashin da ta saya za ta bayar, ba ragi. Ta kuma ce in da hali a tafi wa Alhaji da saƙo: gumbar tana nan tana jiransa.