Ƙannena, aikin bai ƙare a kan make install ba

Assalamu alaikum. Da ku nake, matasan da kuka fara riƙe sabar mai Linux ko FreeBSD a ofisoshi da makarantu. Akwai wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa a tsakaninku, kuma wallahi tana damuna. Mutum zai sauko da tushen manhajar daidaita agogo ta NTP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su karɓi lokaci daidai ta intanet, ya buga ./configure, ya bi da make, ya bi da make install, rubutu ya gama gudu a allo, shi ke nan ya miƙe ya kakkaɓe riga wai ya gama. Ko kusa bai gama ba.

A wani ofishi da na yi aiki, wani yaro mai ƙwazo ya harhaɗa ntpd, manhajar da ke daidaita agogon sabar, da hannunsa. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, sabar ta mutu. Da ta dawo, babu ma'aikacin da ya iya shiga asusunsa. Muka wuni muna zargin waya da na'urar intanet, sai daf da magariba na buga date, na ga kwanan wata na shekarun baya. Na kwance murfin akwatin, ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe agogo idan babu wuta, ya daɗe da mutuwa. Shi kuwa ntpd, idan ya tarar agogo ya kauce fiye da daƙiƙa 1000, ba ya gyarawa. Sai ya rubuta ƙorafinsa ya fita, in ba a tashe shi da zaɓin -g ba. Kerberos kuma, tsarin da ke tantance masu shiga asusu, a saitinsa na asali, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sabon ntpd da yaron ya gina yana zaune a ƙarƙashin /usr/local ko motsi bai taɓa yi ba, tsohon da ya zo da tsarin ne ke tashi kullum.

Don haka kafin ka gina komai, tambayi kanka ko ginin ya zama dole. Mafi yawan lokuta kunshin da tsarinka ya tanada ya wadatar, kuma shi ne ke samun gyaran tsaro ba tare da ka sha wahala ba. Fedora da Red Hat da manhajar daidaita agogo mai suna chrony suke zuwa, OpenBSD na da tata, OpenNTPD. In kuwa lallai sai ka harhaɗa, to ka ɗauki nauyi: ka tantance fayil ɗin da ka sauko da shi, ka karanta abin da configure ya faɗa maka game da OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, kada ka harhaɗa kana matsayin root, wato asusu mai cikakken iko, sannan ka tsayar da duk wani mai taɓa agogo, musamman systemd-timesyncd. Direba biyu ba sa riƙe sitiyari ɗaya.

Bayan ka girka, ka zauna ka duba da idonka. Buga ntpq -p, ko chronyc sources in chrony ka zaɓa. Nemi alamar tauraro (*) da ke nuna sabar lokaci da aka amince da ita. A ntpq, jira har lambar reach ta kai 377, alamar amsoshi takwas na baya duk sun iso. In ka ga matakin na'urarka, wato stratum, yana kan 16, na'urarka ba ta jin kowa, je ka duba ko katangar tsaro ta toshe ƙofa 123 ta UDP. Sannan ka kashe na'urar ka sake kunnawa, ka ga wane ne ya tashi. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, alhali a ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama shi ya fi kowanne muhimmanci.

Kada ka dogara da sabar lokaci ɗaya, in ta yi ƙarya ba ka da shaida. Biyu ma matsala ce, in sun saɓa wa za ka gaskata? Saka huɗu.

Sai maganar da ta fi tsaya mini a rai, wato haƙƙin mutane. David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar da wannan ƙa'ida ta NTP a 1985, ya yi shekaru yana renonta har ya rasu a Janairun 2024. Sabar ɗin pool.ntp.org da kuke rubutawa a fayil ɗin saiti, 'yan sa-kai ne suke bayar da su kyauta, da kuɗin wutarsu da na intanet ɗinsu. Rijiya ce aka haƙa domin jama'a, ba a shiga cikinta da takalmi. A 2003, wasu na'urorin Netgear da aka dasa wa adireshin sabar Jami'ar Wisconsin suka yi ta aika mata tambayar lokaci ba ƙaƙƙautawa har suka dame ta da cunkoso. A 2014 kuma miyagu suka yi amfani da umarnin monlist, mai mayar da doguwar amsa ga 'yar gajeriyar tambaya, na tsofaffin ntpd da aka bari a buɗe, suka kai farmakin cunkoso da kamfanin tsaron intanet Cloudflare ya auna kusan gigabit 400 a daƙiƙa. Masu waɗancan sabar ba mugaye ba ne, girkawa suka yi suka manta. Sakacin naka na iya zama sandar da za a doki wanda bai san ka ba.

In kana da kwamfutoci hamsin a ɗakin gwaji, kada ka saki kowacce ta je waje neman lokaci. Ware huɗu su sha daga africa.pool.ntp.org, sauran su sha daga gare su. Taƙaita wanda zai iya yi wa sabarka tambaya, ka bar tazarar tambaya yadda ta zo, kada ka matse ta don gaggawa. Ka bar agogon cikin na'ura a kan UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, yankin Africa/Lagos ko Africa/Niamey zai ƙara awa ɗayan da kansa. Ranar da ka sauya batirin nan kuma, rubuta kwanan watan a 'yar takarda ka manna a jikin akwatin, domin wanda zai gaje ka a kujerar.