Shekarar da hannun Manning ya gaza, Denver ta ɗauki kofi

Sai da na shekara guda a Aurora, kusa da Denver, kafin na fara gane ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Wani abokin aikina ne ya zaunar da ni ya ce: "Ka ga wancan da ake miƙo wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu? Shi ne kwatabak. Duk wani hari ta hannunsa yake bi." A ƙwallonmu in ɗan gaba ya daina ci, ana iya kewaye shi a ba wani. A nan babu hanyar ɓoye shi.

To a kakar 2015 kwatabak ɗin Denver Broncos, Peyton Manning, ƙarfinsa ya ƙare. Shekararsa 39, ga tsohuwar tiyatar wuya, ga ciwon tafin ƙafa. Jifa tara kacal ya yi da suka zama ci, sau 17 kuwa ƙwallon ta faɗa hannun abokan karawa. Har sai da Brock Osweiler ya riƙe masa wurin na wasu makonni. Da a gidan kallonmu na Jos ne, da tuni an yanke hukunci: a sayar da shi, a kori koci.

Abin da ya burge ni, koci Gary Kubiak bai nemi tsohon ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Gajerun jifa, a miƙa wa mai gudu C.J. Anderson, in hanya ta toshe a buga ƙwallon can nesa, a bar wa masu tsaron da Wade Phillips ya horar sauran aikin. Manning kuma, duk da sunan da ya yi, ya haƙura ya karɓi wannan matsayi. Ni wannan haƙurin na fi girmamawa.

Ranar 7 ga Fabrairun 2016 aka yi wasan ƙarshe na Super Bowl da Carolina Panthers, ƙungiyar da ta ci 15 cikin wasanni 16, ga kwatabak ɗinsu Cam Newton gwarzon shekara. Muna zaune a falon maƙwabcina, an cika tebur da fukafukan kaji, sai Von Miller, ɗaya daga masu tsaron Denver, ya zagayo ta gefe kamar iska, ya fizge ƙwallon daga hannun Newton, abokin tsaronsa Malik Jackson ya faɗa kanta a cikin gidan Carolina. Maki shida daga masu tsaro! Sau shida aka kayar da Newton a daren. Manning yadi 141 kawai ya jefa, bai jefa ta ci ko ɗaya ba, amma Denver ta yi nasara, aka tashi 24 da 10.

Nan take na tuna daren Munich na 2012, da Chelsea ta doke Bayern a gidanta. Gidan kallo ya ɗauki ihun Drogba, Drogba. Mikel Obi, ɗan garinmu, wanda ya shafe minti 120 yana toshe ƙofa a tsakiyar fili, da ƙyar na ji an ambace shi. Abin yana ci mini rai har yau. Mu mai ci kawai muke gani, wanda ya hana a ci mu kamar bai zo fili ba. Su kuwa Amurkawa a daren Super Bowl ɗin nan Von Miller suka ba kyautar gwarzon wasa, kuma ban ji wanda ya yi gardama a falon ba. Da na je sayo wa ɗana rigar Broncos, mai lamba 58 na ɗauko masa, ta Miller.