Kurket: Matashin da bai iya barin ƙwallo ta wuce ba zai sha wuya a Ingila da Ostireliya

Matashin ɗan kurket na Indiya a yau ya taso ne a IPL, gasar gajeren wasa ta ƙungiyoyin Indiya, wadda aka fara a 2008, inda kowace ƙungiya ke da jifa 120 kacal. A can, duk ƙwallon da mai bugu ya bari ta wuce ba tare da ya ci maki ba asara ce, 'yan kallo ma sai sun yi masa ihu. Sai a ɗauki yaron nan a kai shi Ingila ko Ostireliya wasan Test na kwana biyar, inda ake jifa 540 a rana guda, a ce masa ya tsaya tun hantsi har la'asar. Abin da zai fara kayar da shi shi ne hannunsa da ya saba kai wa kowace ƙwallo sara.

Ƙwallon kanta daban ce. A gida Indiya ana wasan Test da ƙwallon SG a kan busasshiyar ƙasa wadda ba ta cika tayar da ƙwallo sama ba. A Ingila Dukes ake jefawa, mai ɗinkin hannu da ya taso sosai, kuma takan daɗe tana karkacewa a iska, balle idan hadari ya haɗo. A Ostireliya da Afirka ta Kudu kuwa Kookaburra ce, wadda ɗinkinta ke kwanciya da wuri, amma ƙasar can tauri gare ta, ƙwallon da a Chennai ta Indiya za ta zo wa mutum a gwiwa, a Perth ta Ostireliya sai ta zo masa a ƙugu ko ƙirji. Jifan da ya kai gudun kilomita 140 a sa'a yana isa ga mai bugu cikin kusan rabin daƙiƙa. Babu lokacin tunani, abin da jiki ya saba shi zai yi.

Ga kuma masu cafka. A gajeren wasa da wuya kyaftin ya ajiye fiye da mutum ɗaya kusa da mai tsaron baya, wanda ke tare ƙwallo a bayan mai bugu, don haka idan ƙwallo ta goge gefen sanda takan gudu ta ba da maki huɗu. A safiyar farko ta wasan Test mutum uku ko huɗu ne ke jere a wurin, hannuwa a buɗe. Kuskuren da ake tafa wa mutum a IPL shi ne ke mayar da shi ɗakin canza kaya a nan.

Prithvi Shaw ya ci maki 134 a wasansa na Test na farko a Rajkot ta Indiya a 2018 yana da shekara 18. A Adelaide ta Ostireliya a Disamban 2020 ya ci 0 da 4, kuma sau biyun hanya ɗaya aka bi aka cire shi: sandarsa tana saukowa a karkace daga sama, ƙafarsa ta gaba ba ta matsa ba, sai ƙofa ta buɗe tsakanin sanda da makarin ƙafa, ƙwallon da ta karkato ciki ta bi ta nan ta tarwatsa turakun nan uku da mai bugu ke karewa a bayansa. A wasan ne aka cire Indiya gaba ɗaya da maki 36, babu wanda ya kai goma. Shubman Gill ya karɓi gurbin Shaw a wasa na gaba.

Gyaran da ake buƙata ba shi da yawa, wahalar sabo ce da shi. Mai bugu ya fara sanin inda turkensa na waje yake ba tare da ya waiwaya ba. Faɗin turakun uku inci tara ne kawai, duk ƙwallon da ta kauce musu da taki guda, muddin sabuwa ce, ya ɗaga sanda ya bar ta. A Perth har tsawo ake dubawa, domin tsayin turke inci 28 ne, kuma ƙwallon da ta sauka nesa kaɗan da ƙafarsa za ta haye su ko da ta miƙe. Wadda ya zama dole ya taɓa, ya jira ta iso ƙarƙashin idonsa, ya sassauta riƙon hannun ƙasa, ta yadda ko ta goge gefen sanda za ta faɗi kafin ta kai ga masu cafka. Bugun da aka fi ajiyewa a sa'ar farko shi ne wanda ake miƙa hannu gaba a kora ƙwallo ta gefen waje, duk da cewa shi ya fi kyau a hoto. Sachin Tendulkar, bayan bugun ya sha kayar da shi, ya haramta wa kansa shi a Sydney a 2004, ya ci 241 ba a cire shi ba.

Virat Kohli ya je Ingila a 2014 ya ci maki 134 kacal a shiga bugu sau goma, mai jifan Ingila James Anderson na ta jan sa waje yana lasar ƙwallo. Da ya koma a 2018 sai ya tsaya gaba da layinsa don ya tari ƙwallon kafin ta gama karkacewa, ya kuma bar da yawa suka wuce. Ya tashi da 593. Shekara huɗu darasin ya ɗauka. Yashasvi Jaiswal shi kwana biyu ya ishe shi a Perth a Nuwamban 2024: a shigar farko ya kai wa jifan Mitchell Starc hannu tun ƙwallon na sheƙi, aka cafke shi bai ci komai ba, a ta biyu ya yi haƙuri har ɗinkin ya kwanta sannan ya saki hannu, ya ci 161.

Masu cewa zamanin haƙuri ya wuce suna da hujja. Ingila ta ci wasanni da yawa tun 2022 da salon kai hari na koci Brendon McCullum da kyaftin Ben Stokes, kuma Rishabh Pant ne da bugunsa na ba-sani-ba-sabo ya kai Indiya ga cimma maki 328 da take buƙata don yin nasara a Brisbane a Janairun 2021, filin da rabon Ostireliya da shan kaye a cikinsa tun 1988. Amma a ranar, Cheteshwar Pujara ya tsaya wa jifa 211 don maki 56, ƙwallo na dukan sa a hular kwano da haƙarƙari da yatsa. Masu jifan da Pant ya samu sun riga sun galabaita. Harin yana da lokacinsa, bayan ƙwallo ta tsufa da kuma ƙarshen yini, kuma dole a sake ɗaure ɗamara bayan zubi 80 (kowane zubi jifa shida ne), lokacin da doka ta ba da damar ɗauko sabuwar ƙwallo.

A ganina, hukumomin wasan sun fi yaran laifi. A da, ƙungiya kan isa Ingila ta buga wasanni da ƙungiyoyin gundumomi kafin Test na farko. Yanzu jadawali ya cushe, wani lokacin wasan share fage ɗaya ake samu, wani lokacin 'yan wasan su kara da junansu kawai. Atisaye a cikin raga ba ya koya wa mutum tsayuwar sa'a shida, domin a can ko an cire shi sau biyar zai ci gaba da bugu. Abin da ya kamata shi ne a tura matasan yawon Indiya A, wato ƙungiyar ƙasa ta mataki na biyu, a wasannin kwana huɗu, a kuma ba su damar buga wasa a gundumomin Ingila kamar yadda Sai Sudharsan ya yi a Surrey. Gill ya fara zuwa Ingila wasan Test a 2021 bai taɓuka abin kirki ba. A zuwansa na 2025, yana kyaftin, ya ci maki 754 a wasa biyar, har da 269 a Edgbaston.