Maɓallin daidaita launi ba shaida ba ne

Duk wanda ya taɓa raka mace sayen yadi a kasuwar Alawi da ke tsohuwar Jidda ya san abin da za ta yi kafin ta kwance bakin gyale. Za ta fito da yadin ƙofar shago ta ɗaga shi a rana, don fitilar mai shago ba abin yarda ba ce. Wannan ilimi na iyayenmu mata shi ne yake kuɓuce wa samarinmu da suka shiga sana'ar sake gina gidajen tarihi a cikin kwamfuta daga hotuna.

Ga yadda aikin yake. Mutum zai zagaya gini da kyamara ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, kowanne ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Manhaja irin su Metashape ko RealityCapture za ta nemo wuraren da suka maimaitu a hotunan, ta lissafa inda kyamarar ta tsaya a kowane ɗauka, ta fitar da ƙirar ginin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Sannan a yi wa ƙirar sutura, wato a yanko launi daga hotunan a lulluɓa mata. Ƙirar kan fito daidai. A wurin suturar ne asiri yake tonuwa.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, haifaffen nan Jidda, ya nuna min ƙirar wani gida na unguwar Balad, wato tsohuwar Jidda, da ya yi a kwamfuta. Bangon dutsen murjani ne, amma ɓarinsa ɗaya ruwan zuma, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi, ga layin haɗi ya ratsa tsakiyar roshan, tagar katakon nan da Jidda take alfahari da ita, kamar rigar da aka yi wa faci da wani yadi daban. Na tambaye shi yaushe ya ɗauka. Ya ce ya fara da hantsi, ya tafi cin abinci, ya ƙarasa bayan la'asar, kyamara kuwa ya bar ta tana zaɓar wa kanta komai. Sai ya ce, "Kawu, ai wannan ba matsala ba ce." Ya danna maɓallin daidaita launi, facin ya ɓace, bango ya yi sumul. Shi ya yi murna, ni kuwa a nan hankalina ya tashi.

Dalili shi ne, haske kansa yana da launi, kuma ana auna shi da ma'aunin kelbin. Rana tsaka tana wajen 5,500, dab da faɗuwarta ta sauko wajen 3,000 ta yi ja, cikin inuwa kuma ya haura 7,000 ya koma shuɗi. Idonmu yana gyara mana wannan ba tare da mun sani ba. Kyamarar da aka sake wa linzami kuwa canke take yi, kowane hoto da cankensa. A lungunan Balad abin ya fi muni: benen sama yana cikin rana, ƙasa tana cikin inuwa, bangon da ke fuskantarka kuma yana watso maka nasa launin. To idan aka tara wa manhaja hotuna ɗari biyar masu saɓani, ba ta san wanne ne mai gaskiya ba. Raba gardama take yi, ta rage wa wannan ta ƙara wa wancan har su haɗu a tsakiya. Alƙalin da shaida ɗaya ya ce masa saniya fara ce, ɗaya ya ce baƙa, ya yanke cewa ruwan toka ce, bai gano saniyar kowa ba.

Maganin ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsadar da ake zato. Akwai allon launuka mai gida 24, ColorChecker, da masu hoto suke amfani da shi tun 1976, kowane gida an san ainihin launinsa. A jingina shi da bangon, a ɗauke shi cikin hasken da ake aiki, a sake ɗauka duk lokacin da hasken ya sauya, sai ya zama ma'aunin da za a gyara sauran hotuna a kansa kafin su shiga manhaja. A kulle kyamara da hannu kada ta motsa. A ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, domin JPEG, wato hoton da kyamara ta saba bayarwa, mataki 256 kacal yake riƙewa a kowane launi na asali, ɗanyen kuwa dubbai, saboda haka yana ɗaukar gyara bai lalace ba. Kuma a sammaka. Gajimare shi ne abokin wannan aiki, Jidda kuwa ba ta cika samunsa ba, sai dai a yi amfani da ɗan lokacin nan kafin rana ta leƙo lungu.

Na san abin da za a ce min. Mai ba da aiki yana son bango mai sheƙin zinariya don talla, lokaci kuɗi ne, zafin Jidda kuma ba ya barin mutum ya tsaya gwaje-gwaje. Na yarda, idan wasan kwamfuta ake yi ko tallar yawon buɗe ido, kowa ya shafa launin da ya ga dama. Amma tun da UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ana ta gyaran gidajen nan, kuma samfurin gidan da aka yi a kwamfuta yau shi wani zai buɗe nan gaba don ya san koren wannan roshan ɗin mai duhu ne ko mai haske kafin ya haɗa fenti.

Mu ma fa muna da darasi a tsallaken Bahar Maliya. Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan, inda kakanninmu da yawa suka shiga jirgin ruwa zuwa aikin hajji bayan tafiyar shekaru a ƙasa, da irin wannan dutse aka gina ta, da irin waɗannan tagogi. Da aka mayar da harkar jiragen ruwa Fot Sudan a farkon ƙarni na 20, aka bar gidajenta suka yi ta zubewa, mafi yawan abin da ya rage na kamanninta zane ne da hotuna marasa launi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma bai bar gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum ba, an wawushe shi.

Don haka ina ganin duk hukuma ko kamfanin da zai biya kuɗin irin wannan aiki ya sa sharaɗi a yarjejeniya: a miƙa masa ɗanyun hotuna, da hoton allon launuka, da ranar ɗauka da sa'a, tare da samfurin. Ɗan ƙanwata dai na saya masa allon, ya kuma yi min alkawarin komawa gidan nan ranar Asabar bayan sallar asuba.