Tiyata ba ita ce matakin farko ba

Ku masu cewa sauya gwiwa da ta ƙarfe shi ne maganin amosanin gwiwa, ku sani wannan mataki ne na ƙarshe, sai guringuntsi ya cinye har ƙashi na gugar ƙashi. Mahaifiyata ta shekara biyu tana sallah a kan kujera, tsugunno a bayi kuwa sai da hawaye. Abin da ya sauƙaƙa mata shi ne atisayen ƙarfafa naman cinya da aka koya mata a sashen fisiyo, wato sashen motsa gaɓoɓi na asibiti: tana zaune ta miƙe ƙafa, ta riƙe daƙiƙa 10, ta sauke. Ta kuma rage ƙiba, domin duk kilo 1 da ya tafi, kusan nauyin kilo 4 yake ragewa gwiwa a kowane taku. Malam mai cewa a riƙa haɗiyar ƙwayar rage ciwo ta diclofenac kullum, don Allah ka bari, yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi. Na shafawa ya fi ƙarancin illa. Me ya hana ku faɗa wa talaka abin da zai iya yi a gida tun kafin ya kai ga wuƙar likita?