Yinin da na yi a Orgosolo da gardamar da ta biyo baya a Agege

Tun da na dawo daga Italiya makonni uku da suka wuce, hotunan zane-zanen bangon garin Orgosolo da na ɗauko a waya suka zama abin muhawara a majalisarmu ta bayan sallar Isha'i a nan Agege, har wasu suna zolayata cewa na kashe kuɗin jirgi don kallon bango. Da yake a majalisa mai ƙarfin murya ne ke cin gardama, ni kuma Allah bai ba ni wannan baiwar ba, na ga ya fi mini in zauna in rubuta abin da na gani da kuma abin da na fahimta, wanda ya ga dama ya yi mini raddi a rubuce.

Sana'ar fata nake yi a kasuwar Mushin, ita ce kuma ta kai ni baje kolin fata da ake yi a Milan a watan Satumba. Da aka tashi, sai ɗan ƙanwata da ke aiki a birnin Nuoro na tsibirin Sardiniya ya matsa cewa ba zan koma gida ban sa albarka a ɗakinsa ba. Ranar da ya sami hutu ya ce, "Kawu, yau zan kai ka wani ƙauye a kan dutse, ka ga yadda mutane ke rubuta tarihinsu a jikin gida." Ban so zuwa ba, domin gwiwata ba ta son hawa, amma kunyar yaron ta sa na shiga mota. Tafiyar kimanin kilomita 20 ce, sai dai hanyar tana ta lanƙwasa tana hawa, irin wadda ke tuna wa mutum Hawan Kibo idan zai shiga Jos. Sunan garin Orgosolo, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 600 a gindin duwatsun Supramonte, mutanensa kuwa wajen dubu huɗu ne, yawancinsu jikokin makiyayan tumaki.

Kafin a san garin da zane, da wani abu daban aka san shi. Shekaru da dama, idan aka ambaci Orgosolo a Italiya abin da ke zuwa a zuciyar mutane shi ne satar dabbobi, da gabar jini tsakanin dangi, da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa, masu laifin kuma su shige cikin duwatsu inda jami'an tsaro ba su san hanya ba. Duk ɗan Arewa da ya taɓa faɗin sunan garinsu a Legas ya ga fuskar mai sauraro ta canja, ya san nauyin wannan tabo ba sai an yi masa bayani ba. Wannan ne ya sa na fara kallon garin da idon ɗan uwa, tun kafin in ga zane ko ɗaya.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na shekarar 1969. A watan Mayu na wannan shekara hukumomin sojan Italiya suka sanar cewa za su mai da wata makiyaya ta al'umma mai suna Pratobello filin koyon harbi, aka umarci makiyaya su kwashe tumakinsu. Mutanen da duniya ta sani da bindiga sai suka bar bindigar a gida, suka fita dubbansu, maza da mata da yara da tsofaffi, suka zauna a filin suka ƙi tashi. An kama wasu, amma ba a zubar da jinin kowa ba, kuma bayan kimanin mako guda gwamnati ta haƙura da shirin mai da wurin sansanin dindindin. A wannan shekarar ce wata ƙungiyar matasa daga Milan mai suna Dioniso ta yi zanen farko a garin. Aikin bai yi ƙarfi ba sai a 1975, lokacin da wani malamin zane ɗan asalin Siena, Francesco Del Casino, ya fito da ɗalibansa na ƙaramar sakandare don tunawa da cika shekaru 30 da kawar da mulkin kama-karya na Fasist da Mussolini ya jagoranta. Da takarda suka fara suna mannawa, daga baya suka koma jikin bangon kansa, mutanen gari kuma suka karɓi abin suka ci gaba da shi, har yau zanen ya haura 150.

Mun shafe wajen awa huɗu muna bin lunguna. Akwai makiyayi da sandarsa da tumakinsa, akwai tsofaffin mata sun lulluɓe kai kamar iyayenmu suna zaune a ƙofar gida, akwai matasa riƙe da akwati za su tafi ci-rani ƙasashen waje, akwai fuskar Antonio Gramsci, ɗan siyasar nan ɗan tsibirin da Mussolini ya ɗaure. Ba su tsaya kan damuwarsu kaɗai ba, domin na ga zanen tagwayen benayen Amurka da aka kai wa hari a 2001. Kusan kowane zane yana da rubutu a gefe, wani da Italiyanci, wani da harshensu na Sardiniya, ɗan ƙanwata yana fassara mini abin da ya iya. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wanda ke cewa taki suke so, ba harsashi ba. Na daɗe a gabansa, domin da za a ɗauko wannan bangon a dasa shi a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina, babu kalma ɗaya da za a canja.

Abincin rana ya ɗan ba ni wahala, domin abin alfaharinsu gasasshen alade ne, saboda haka na tsaya kan wani burodi nasu mai faɗi marar kauri kamar takarda, wanda makiyaya ke tafiya da shi daji saboda ba ya lalacewa da wuri, na haɗa da cukun nonon tumaki. Na yi ƙasaru a wani fili a bayan gari, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube ni.

Ra'ayina, wanda shi ne asalin gardamar, shi ne cewa darajar waɗannan zane-zane ba ta cikin ƙwarewar hannu. Wasu daga cikinsu ɗan makaranta ne ya yi, kuma ana gani. Wasu sun koɗe, fentin ya ɓare, an bar su haka. Abin da ya ba su nauyi shi ne mai gidan ya yarda a rubuta wannan magana a jikin ɗakin da yake kwana, maƙwabcinsa yana wucewa kullum yana karantawa, yaron da aka haifa bayan shekara talatin da faruwar abin kuma ya tashi ya tarar da labarin Pratobello a kan hanyarsa ta zuwa makaranta. Baƙi masu yawon buɗe ido daga baya suka zo, kuma na tabbata da don su aka fara aikin, da tuni ya zama kayan talla marar ɗanɗano. Har yanzu ma na ga alamar wannan haɗarin a shagunan da ke sayar da hotunan zanen a jikin kofi da riga.

Da na dawo, sai na fara karanta bangwayen Legas, abin da ban taɓa yi ba cikin shekaru ashirin da shida da na yi a garin nan. Daga Pen Cinema zuwa Oshodi abin da bango ke faɗa bai wuce kala huɗu ba: fastar 'yan takara an manna wata a kan wata har ta yi kauri, sanarwar taron coci ko wa'azi, lambar wayar mai maganin basir ko mai neman ma'aikata, sai kuma gargaɗin nan da jan fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Wato bangonmu ko dai yana roƙon kuɗinka da ƙuri'arka, ko yana zarginka da sata. Ban manta da ginshiƙan gadar Falomo ba, waɗanda Polly Alakija ta zana wa fuskokin mata a 2017 lokacin bikin cikar jihar shekaru 50, kuma aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai aikin da hukuma ta ɗauki nauyinsa yana rayuwa ne gwargwadon sha'awar hukumar, kuma mai sayar da gyaɗa a ƙarƙashin gadar ba ya jin cewa nasa ne, balle ya hana wani manna takarda a kai.

Malamin da ke ja mana salla ne ya fara tare ni. Ya ce, "Alhaji, kana so ka kawo mana zanen masu rai a unguwar Musulmi?" Ban yi masa musu ba, domin ba fagena ba ne, kuma hadisan da suka yi gargaɗi kan surori sanannu ne. Abin da na tunatar da shi kawai shi ne Bahaushe ya daɗe yana sa bangonsa magana ba tare da ya zana fuskar kowa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau, ko ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san magina sun mai da laka da makuba abin alfahari. Attajiran birnin Zariya da Kano sukan sa a yi musu dagi da takobi da allo a goshin zaure, da zamani ya zo kuma aka riƙa ƙara keke da agogo da mota, mai wucewa ya karanta matsayin mai gida tun kafin ya yi sallama. Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani ma daga wannan gidan ta fito. Siminti da fale-falen tayil ne suka kashe sana'ar, ba fatawa ba. Ragowarta tana nan tana yawo a bayan tirelolin da ke sauke tumatir da albasa a Mile 12, inda direba ke biyan mai zane ya rubuta masa abin da ke ransa game da haƙuri da mahassada da rabo. Malam ya yi murmushi ya ce idan rubutu ne da dagi, ba shi da ta cewa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wani dattijo, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ya ce mutanen wancan ƙauye a ƙasar kakanninsu suke, bangon nasu ne, mu kuwa yawancinmu haya muke yi, kuma baƙon da ya fara rubuta kokensa a bangon mai masauki yana neman fitina ne. Ya tuna mana rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016, ya ce ƙaramar magana ce ke kunna irin wannan wuta. Na ba shi gaskiya a rabin maganar. Ba zan goyi bayan a zana wani abu da zai zama tsokana ga maƙwabtanmu Yarabawa ba, kuma ban ga hikimar kwafo zafin siyasar Orgosolo a kawo shi Agege ba. Inda na rabu da shi, cikin ladabi, shi ne kan kalmar baƙo. Tun a 1863 wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa rundunarsa a Legas da Hausawa, wadda daga cikinta sojan Najeriya ya samo asali. Layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka riƙa sauko da shanu suna komawa da goron Agege, unguwar da ake kira Sango kuwa ba komai ba ce face zangonsu. Akwai gidaje a nan da aka binne kakan kakansu a wannan ƙasa. Amma ka tare yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka haifa a Agege ka tambaye shi yadda aka yi Hausawa suka zauna a wurin, zai ɗaga kafaɗa, kuma shi ma abokinsa Bayarabe abin da ya sani kawai shi ne Hausawa masu gadi ne da 'yan acaba da suka zo jiya. Laifin wannan jahilci namu ne, domin ba mu ajiye labarin a inda ido zai gan shi ba.

Saboda kada a ce surutu kawai na iya, na je na sami mai gidan da makarantar Islamiyyar unguwarmu ke haya, wani tsoho Bayarabe da muke kira Baba, na roƙe shi bangon da ke kallon titi, mai tsawon kamar taku goma sha biyar. Ya yarda bisa sharaɗi biyu, kada a sa alamar wata jam'iyya, kuma duk abin da aka rubuta da Hausa a rubuta shi da Yarabanci a ƙasa. Sharaɗi na biyun ya fi tunanina kyau, na kuma gaya masa haka. Na sami wani mai zanen tirela ɗan Funtuwa da ya ce zai yi aikin tare da manyan ɗaliban makarantar: taragon jirgin ƙasa, da huhun goro, da dagi a tsakiya, da shekarun da na ambata. Ya gargaɗe ni cewa danshin Legas ba irin busasshiyar iskar duwatsun Sardiniya ba ne, idan ba a kankare gansakuka an yi shafen farko da fenti mai kyau ba, damina biyu za ta cinye aikin, saboda haka sai mun jira ruwa ya ɗauke a watan Disamba. Dattijon nan na Oko-Oba har yanzu bai yarda da ni ba, amma ya ce idan har za a yi, bai ga dalilin da zai sa a zana goro a bar ƙahon saniya ba, tunda da kuɗin shanu aka gina rabin unguwar. Na mayar da maganar ga Malam, shi kuma ya ce zai duba hukuncin ƙaho ba tare da kai ba kafin Juma'a mai zuwa.