Man goge baki a kan kaciya? Haba jama'a!

Wato har yanzu akwai masu kare bidiyon nan da kuke ta turawa juna tun shekaranjiya, na bawan Allahn da ya zura farar riga yana koya wa maza su lafta man goge baki a kan kaciyarsu su kwana da shi, wai ƙurajen za su baje? Madalla. Saura ya ce a bi da buroshi da asuba.

Ƙananan ƙurajen nan da suke jere reras a gefen kan kaciya, layi ɗaya ko biyu, masu kama da ƙwayoyin lu'ulu'u, waɗanda girmansu bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, lafiyarsu ƙalau. Halitta ce. Bayan balaga suke fitowa, sun fi yawa ga wanda ba a yi wa kaciya ba, kuma bincike daban-daban ya same su a jikin kashi 14 zuwa 48 cikin ɗari na maza. Ba sa zafi ko ƙaiƙayi, ba a ɗaukarsu wajen saduwa, ba ka sa wa iyalinka, kuma sau da yawa suna raguwa idan shekaru suka ja. Haka fararen ɗigo-ɗigon nan masu ɗan rawaya da ke jikin azzakari ko fatar maraina, waɗanda suka fi fitowa fili idan aka ja fatar. Jakunkunan maiƙo ne na fata, irinsu ake gani a gefen leɓen mutane da yawa. Wani likitan fata ɗan Amurka, John Addison Fordyce, ya yi bayaninsu tun 1896. To me za a kashe a nan? Babu ƙwayar cuta a ciki. Nama ne da jijiyoyin jini, ko jakar maiƙo, kuma man shafawa ba ya narkar da nama sai dai ya ƙona shi.

Ƙonawar kuwa ita ce take faruwa. Fatar kan kaciya siririya ce, kusan kamar ta cikin leɓe. Man goge baki yana ɗauke da sinadarin kumfa da mai yaji-yajin nan da ke sanyaya baki. Ya kwana a wurin, ka wayi gari da ja, raɗaɗi da saɓa, ƙurajen kuma suna nan daram. Wanda ya fi muni shi ne mai zuwa ya sayo ruwan salisilik asid, wanda aka yi domin fatar tafin ƙafa mai kauri, ya ɗiga a nan. Wani kuma fodofilotoksin ko imikwimod zai samo, magungunan da aka yi wa tsiron al'aura da HPV, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka wajen saduwa, ke haddasawa. Ba za su taɓa ƙurajen halitta ba, sai su bar ka da gyambo da tabo. Mai matsa ɗigon maiƙo da farce ko allura shi kuma ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa da kansa. Masu haɗiyar kafso mako biyu da sunan maganin sanyi, ku ma na gaishe ku.

"Ai wani ya gwada ya ga sauƙi." Kumburi ne ya rufe su, idan ya saɓe za su dawo. "Ai asibiti kunya." Wane ya fi kunya, nuna lafiyayyar fata ta minti biyu ko nuna ƙuna mai mugunya?

Ban raina damuwar kowa ba, wallahi. Akwai samarin da ke fasa neman aure saboda wannan abu, suna ganin alhakin wani zunubi ne ya bayyana a jikinsu. Idan an tabbatar maka babu cuta kuma har yanzu ganinsu yana hana ka sukuni, ana cirewa, amma a hannun likitan fata ko na mafitsara. Zai fara dubawa da madubin ƙara girma ya tabbatar ko mene ne, ya shafa ko ya yi allurar kashe zafi, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hasken leza mai aiki da iskar kabon dayoksaid, ko da tsinken lantarki, ko ya daskarar da su da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wurin yakan yi ɓawo ya warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, a riƙa wankewa a hankali ana shafa man da ya bayar, a dakata da saduwa sai ya warke sarai. Ko a hannun gwani akwai haɗari: tabo, ko canjin launi. Mai baƙar fata ya tambaya da kyau kafin ya yarda da daskararwa, domin ƙwayoyin da ke ba fata launi ba sa jure sanyi, ana iya barinsa da farin tambari. Ɗigon maiƙo kuma yana iya sake fitowa. Shi ya sa likita nagari yakan fara da ce maka ka bar su.

Abin da ya fi ba ni haushi da bidiyon shi ne ya haɗa komai a tukunya ɗaya. Tsiro mai kaushi da ke ƙaruwa yana bazuwa ba tsari, wannan HPV ne mai yiwuwa, ana ɗauka. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da ke fashewa, daban. Gyambo guda mara zafi da ya fito kamar mako uku bayan saduwa yana iya zama tunjere, kuma zai warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6 alhali cutar tana ci gaba a jini. Mai wannan ya shafa man goge baki, gyambon ya ɓace, ya dawo ƙarƙashin bidiyon yana godiya! Duk abin da ke zubar da jini, ko ya canza kama, ko ya ƙi warkewa har wata guda, a kai wa likita ya gani da idonsa.

Af, ku kuma masu aske mara da tsohuwar reza a bushe, kuna bi ta inda gashi bai kwanta ba, jajayen ƙurajen da ke fito muku bayan kwana biyu gashi ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a sa sabuwar reza, a bi kwancin gashin. Kuma don Allah a daina aron reza.